Inuwa Da Filin Wasa: Yadda Ya Kamata A Riƙe Kuɗin Jama'a A Dutsen Alhaji



Abin da za a tattauna yau shi ne maganar fili da inuwa, watau wuraren da talaka zai fita ya sha iska, yaransa su yi guje-guje, ba tare da an tsare shi a ƙofa ana tambayar kati ko kuɗi ba. Da kuma yadda ya kamata a riƙe kuɗin da gwamnati ke warewa don irin waɗannan wurare. Wani zai ce, a zamanin da cefane ya gagari mai iyali, wa ke ta lambu? Tambayar tana kan hanya. Sai dai farashin abinci yana hawa yana sauka, fili kuwa in aka zuba masa kankare aka ɗora bene, shi ke nan, ya tafi har abada. Saboda haka maganarsa ba ta jiran lokacin wadata.

An ɗauko misali daga Dutsen Alhaji ne domin da wuya a sami zangon 'yan Arewa a Ikko ko Badun ko Fatakwal da babu mai ɗan'uwa a can, kuma domin halin da garin ke ciki ya yi kama da na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun. Dutsen Alhaji gari ne a Ƙaramar Hukumar Bwari, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Birnin Tarayya. Yana kan hanyar da ta rabu da babban titin Kubwa ta nufi Bwari, inda Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya da hedkwatar hukumar JAMB suke. Maƙwabtansa su ne Dutsen Makaranta da Kubwa da Dawaki da Ushafa. Ƙasar asalinta ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, amma yau babu ƙabilar Nijeriya da ba a samu a can. Akwai direbobi da masu gadi da birkiloli da kafintoci da ƙananan ma'aikata da masu kayan gwari, waɗanda ke sammako su shiga birni su yi wa manya hidima, su komo bayan magariba a gajiye.

Yadda aka yi irin waɗannan garuruwa suka cika suka batse, labari ne da ya kamata a tuna. Cikin 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Ikko za ta ci gaba da zama hedkwatar ƙasa. Ran 3 ga Fabrairu 1976 ya yi shelar cewa za a koma tsakiyar ƙasa, aka kuma kafa Dokar Soja mai lamba 6 ta wannan shekara. Kwana goma bayan shelar aka kashe shi. Babban dalilin da aka bayar shi ne Ikko ta cushe, ba ta da filin faɗaɗawa, kuma ana son birnin da kowane ɗan ƙasa zai ce nasa ne. Cikin 1979 wani kamfanin Amurka ya miƙa taswirar birnin, wadda ta ƙiyasta mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, daga baya su kai kamar miliyan 3. Taswirar nan ta ware kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar birnin don lambuna da itatuwa da bakin rafuka da duwatsu, wuraren da ba za a yi gini ba. Wanda ya san Ikko ya san abin da masu taswirar ke gudu.

Gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Jama'a suka yi ta kwarara, fiye da yadda aka tanadar musu gidaje. Kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai ya nemi ɗaki a ƙauyukan kewaye. Da Malam Nasiru El-Rufa'i ya zama Ministan Birnin Tarayya, daga 2003 zuwa 2007, ya tashi haiƙan don maido da birnin kan taswirarsa, aka rushe gine-gine masu yawa, har da waɗanda aka yi a kan filayen lambu da hanyoyin ruwa. An ceto filaye da dama a wannan aiki, wannan gaskiya ne. Amma mutanen da aka tasa ba su bar ƙasar ba, gaba kaɗan suka matsa, suka ƙara wa garuruwan kewaye nauyi. A can kuwa gida na manne da gida, lungu da ƙyar yake ɗaukar kura, kuma ba wanda ya tsaya ya ce wannan kangon na yara ne, kada a taɓa shi.

To, ina kashi ɗaya cikin ukun nan ya tafi? Manyan wuraren shaƙatawa da aka sani a Abuja suna cikin birni ne. Lambun Mileniyam, mai faɗin hekta 32, yana Maitama. Sarauniya Elizabeth ta Ingila ce ta buɗe shi ran 4 ga Disamba 2003, lokacin taron ƙasashe rainon Ingila. Lambun yara da gidan namun daji yana Asokoro. Tafkin Jabi yana Jabi, an kuma gina katafaren kanti a bakinsa. Waɗannan duk unguwanni ne na masu hali, waɗanda da ma gidajensu na da farfajiya da ciyawa da itatuwa. Ko da an ce shiga kyauta ce, a lissafa wa mai gadi da ke zaune a Dutsen Alhaji da matarsa da 'ya'ya biyar: mutum 7 ke nan, zuwa da dawowa kujera 14, in kuwa sai an canja mota a hanya sun zama 28. Acaɓa ma tun Oktoban 2006 aka hana ta shiga tsakiyar birni. Wannan shi ya sa yaro zai girma a gindin Abuja bai san Abuja ba sai ranar Salla, in ma an yi sa'a.

Ƙananan lambunan cikin unguwanni kuwa, Sashen Kula da Lambuna na Hukumar Birnin Tarayya ya daɗe yana ba da su haya ga 'yan kasuwa, bisa sharaɗin su shuka itatuwa su kula da wurin. Dabarar ba ta da laifi a takarda, domin tana rage wa gwamnati ɗawainiya. Amma ɗan kasuwa riba ya zo nema, kuma lilon yara ba ya kawo riba kamar kwalba da gasasshen kifi da hayar rumfar biki. Da yawansu suka koma mashaya, wurin da mai mutunci ba zai kai iyalinsa ba. Cikin 2022, zamanin Minista Muhammad Musa Bello, hukuma ta matsa sai lambuna sun riƙa rufewa da ƙarfe 7 na yamma, masu haya suka yi ca, suna cewa lokacin ne cinikinsu ke farawa. Wannan amsa tasu ita kanta ta nuna abin da lambunan suka zama.

Abin mamaki shi ne, Allah bai rage Dutsen Alhaji da komai ba. Sunan garin ma daga duwatsun da suka kewaye shi ya fito. A maƙwabtansa, wajen Ushafa, akwai madatsar ruwa ta Usuma, wadda aka gina cikin shekarun 1980, daga ita ake shayar da birnin Abuja. Tafki ne shimfiɗeɗe tsakanin tsaunuka, wanda 'yan birni ke zuwa da motocinsu su ɗauki hoto. Ushafa ɗin nan ita ce ƙauyen masu ginin tukwane da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta cikin Agustan 2000. Amma gidaje da yawa a garuruwan da ke gindin madatsar sun daɗe suna sayen ruwa daga 'yan ga-ruwa. Duwatsun kuwa, wasu masu fasa dutse sun cinye su, kamar yadda ake gani a Mpape, wasu kuma tsoro ya hana hawansu. Ba a manta da Janairun 2024 ba, lokacin da masu satar mutane suka addabi yankin Bwari, har suka shiga unguwar Sagwari da ke nan Dutse suka kwashi mutane. Uwar da ta ji wannan ba za ta bar ɗanta ya tafi hawan dutse ba, kuma tana da gaskiya.

Yanzu sai a tambaya, alhakin wa ne? Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ginawa da kula da lambuna da wuraren shaƙatawa da buɗaɗɗun filaye cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Amma a Birnin Tarayya ƙasa duk ta Gwamnatin Tarayya ce, Minista ne ke ba da ita. Babu gwamna, babu majalisar dokoki ta jiha. Majalisar Tarayya ce ke yi wa yankin doka, kuma wakilansa a cikinta sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu. Watau dai an ba Ƙaramar Hukumar Bwari aiki, an riƙe mata filin da za ta yi shi a kai. Duk shirin tallafi da bai fara warware wannan ƙulli ba, zuba ruwa ne a kwando, domin ana iya kashe kuɗi a gyara fili yau, gobe wani ya zo da takardar mallaka daga ofishin Minista ya kafa tubali.

Kuɗi kuwa akwai hanyoyinsa, ba sai an ƙirƙiro sabon haraji ba. Tun 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kafa Asusun Kula da Muhalli, ana zuba masa kashi 1 cikin 100 na asusun Tarayya, aka ɗaga shi zuwa kashi 2 cikin 1992. An yi shi ne don zaizayar ƙasa da ambaliya da gurgusowar hamada da makamantansu, kuma daga cikinsa ake ba hukumar agajin gaggawa da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka kafa cikin 2015 don jihohi 11 na Arewa. Shuka itatuwa a bakin rafi da hana gini a hanyar ruwa aikin muhalli ne, kuma filin da aka ceto ta haka shi ne filin da yara za su yi wasa a kai da rani. Ban da wannan, Birnin Tarayya na da nasa kashi 1 cikin 100 da ake ware masa don raya shi.

Sai dai tarihin asusun nan ya isa ishara. Cikin Yunin 2018 wata Babbar Kotu a Abuja ta yanke wa tsohon Gwamnan Filato, Joshua Dariye, ɗaurin shekara 14 saboda karkatar da fiye da Naira biliyan 1 na kuɗin muhallin jiharsa. An rage hukuncin zuwa shekara 10 a ɗaukaka ƙara, aka kuma yi masa afuwa cikin Afrilun 2022. Abin lura a nan ba mutumin ba ne, yadda abin ya yiwu ne. Kuɗi ya fito daga Abuja da sunan gyaran ƙasa, mutanen da aka ce don su aka fitar ba su san ya fito ba, balle su tambayi inda ya shiga. Shari'ar ma ta ɗauki fiye da shekara 10. Kuɗin da mai shi bai san da shi ba, ba ya da mai gadi.

Akwai wani darasi kuma daga wajen ilmi. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma jiha ba za ta karɓi rabonta ba sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Niyyar mai kyau ce, don kada jiha ta miƙe ƙafa. Abin da ya faru shi ne, shekara da shekaru biliyoyin Naira na kwance a asusu, jihohi ba su kawo nasu ba, yara na zaune a ƙasa. Sharaɗin “kawo naka a ba ka” yakan fifita mai ƙarfi a kan mai buƙata. In aka ce ƙungiyar unguwa sai ta ajiye rabin kuɗi kafin a taimake ta, to Maitama za ta karɓa, Dutsen Alhaji ta yi kallo. Shirin raya al'umma da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2009 ya fi dacewa da talaka a nan, domin kashi 10 cikin 100 kawai ya nema daga jama'ar gari, ya kuma yarda su biya da guminsu ko yashi ko dutse, su ne kuma ke zaɓar aikin da suke so.

A ƙasashen waje, Amurka ce ta fi daɗewa da irin wannan asusu. Cikin 1964, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, aka kafa asusun tanadin ƙasa da ruwa, wanda daga baya aka ɗora shi kan kuɗin man fetur da iskar gas da ake haƙowa a cikin teku. Hikimar ita ce, arzikin da ke ƙarewa a mai da wani abu daga cikinsa arzikin da ba ya ƙarewa. Ƙasa mai rayuwa da man fetur kamar Nijeriya ya kamata ta yi tunani a kan wannan. Doka ta ba asusun dala miliyan 900 a shekara, amma shekaru da yawa majalisarsu ba ta sakin kuɗin duka, sai cikin 2020 aka yi dokar da ta wajabta cika shi. Ke nan ba a nan kaɗai ake wawure kuɗin inuwa a kai wani wuri ba. Mafi amfani a cikin dokar tasu shi ne sharaɗi guda: duk filin da aka taɓa kashe masa kuɗin asusun, ya zama na shaƙatawar jama'a har abada, ba a juya shi zuwa wani abu sai da iznin Gwamnatin Tarayya, kuma sai an musanya shi da wani fili mai daraja da amfani daidai da shi. Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, domin shi ne hukuncin wakafi.

Su ma can sun gano cewa kuɗin ya fi gangarawa wajen masu hali, shi ya sa cikin 2014 suka ware wani kaso musamman don unguwannin birane marasa lambu. Jihar Niyu Meziko cikin 2019, da jihar Kolorado cikin 2021, suka kafa ƙananan asusai na kai 'ya'yan talakawa daji da tsauni da bakin ruwa, ana ba ƙungiyoyi kuɗin mota da kayan aiki da ladan masu rakiya. Na Kolorado daga ribar cacar gwamnati ake ciyar da shi, wannan kuwa ba abin koyi ba ne ga jama'ar da addininta ya haramta caca. Abin koyin shi ne kwamitin rabon, wanda doka ta ce a sa matasa da mutanen da matsalar ta shafa a cikinsa.

Nan ne maganar ta zo kan ɗan Arewa mazaunin Kudu, da ɗan Kudu mazaunin Dutsen Alhaji, domin ciwonsu ɗaya. A Nijeriya, da zarar an ce za a raba wani abu na gwamnati, sai a ce a kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Mutumin da aka haifa a Sabon Badun, unguwar da aka kafa tun 1916, kakansa ma a can aka binne shi, har yau baƙo ne a takarda. Haka Ibo ko Tibi ko Bakatsine da ya shekara 30 a Dutsen Alhaji. Alhali kuwa Sashe na 41 na Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya so, Sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin asalinsa ko addininsa. Tallafin fili da inuwa, ma'auninsa zama ne, ba asali ba: yara nawa ke kwana a unguwar, kuma tafiyar minti nawa ce tsakaninsu da fili mafi kusa. Rana ba ta tambayar yaro garinsu kafin ta dake shi. Wannan ba ya nufin a ture Gbagyi gefe. Su ne suka rasa gonakinsu da kushewun kakanninsu don a gina wa ƙasa hedkwata, kuma maganar diyyarsu da sake tsugunar da su har yau ba ta mutu ba. Kujerarsu a kwamiti wajibi ce, kuma duk filin da za a keɓe a ƙasar da suke nomawa sai da yardarsu da biyansu. Amma a zauna tare da sarakunan sauran ƙabilu, da limamai da fastoci, da malaman makaranta.

Mata ma kada a bar su a baya, domin su ne ke wuni da yara cikin ɗaki ɗaya da zafin Maris, kuma su suka san lungun da ba a bi bayan magariba. In aka bar wa maza kaɗai zaɓi, filin ƙwallo za a yi, samari su mamaye shi, 'yan mata da ƙanana da tsofaffi su koma gida. Guragu da makafi kuwa doka ce ta ba su haƙƙi: dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu cikin Janairun 2019, ta ba da shekara 5 a gyara wuraren jama'a yadda za su iya shiga, wa'adin kuma ya cika. Almajirai, waɗanda su ne suka fi kowa zama a rana, ba su da mai rubuta musu takardar neman tallafi. Sai an tuna da su da gangan.

Maganar takarda ma babba ce. In fam ɗin neman tallafi ya kai shafi 20 da Turancin lauyoyi, kuma sai ta intanet ake cika shi, to ƙungiyoyin da ke da ofis da kwamfuta a Wuse su za su cinye kuɗin, su zo Dutse da 'yan jarida rana ɗaya su shuka itace goma su tafi. Fam ya zama gajere, a fassara shi da Hausa da Gbagyi da sauran harsunan da ake ji a wurin, a sa ma'aikaci a sakatariya ya taimaka wa wanda bai iya rubutu ba. Ɗan kwamiti kuwa, in ƙungiyarsa ko ta ƙaninsa ta nema, ya tashi ya fita kafin a yi magana a kanta, a kuma rubuta cewa ya fita. A ƙayyade wa'adin zama, don kada kujera ta zama gado. Sunayen waɗanda aka ba, da adadin da aka ba su, da ranar da za su gama, a manna a allon sakatariya da ƙofar kasuwar Dutse, a karanta a rediyo.

Sai kuma abin da ya fi kashe ayyukan gwamnati a ƙasar nan, watau rashin kulawa bayan buki. Ana son yanka kirtani, ba a son biyan mai ban ruwa. Dashen itace yana bukatar ruwa da kariya daga awaki har ya yi rani biyu ko uku, fitila tana bukatar gyara, shara tana bukatar mai kwashewa, fili yana bukatar mai gadi da 'yan sanda suka san da shi. Tallafin da bai ware kuɗin waɗannan na 'yan shekaru ba, ƙarshensa juji ne ko maɓoyar 'yan shaye-shaye, daga nan sai wani mai ido da kwalli ya ce tun da wurin ya lalace a ba shi ya “raya” shi. Ta wannan ƙofa filaye da yawa suka fita daga hannun jama'a. A bar masu shayi da masu ƙosai da masu tsire su yi sana'a a gefe su biya ɗan abin da zai taimaka wa kulawa, amma ƙofa ta zama a buɗe, kuma kada haya ta ci tsakiyar fili.

Kada a ɗauka wannan ciwo na Abuja ne kaɗai. Hausawa sun gaji dandali da ƙofar fada da filin Idi da gindin kuka, inda ba a biyan ko anini, amma su ma suna ƙarewa. A Kano an gina shaguna a filin Idi na Ƙofar Mata a zamanin wata gwamnati, wadda ta gaje ta ta rushe su cikin Yunin 2023, magana ta kai kotu, aka shiga batun diyya. Jama'a suka yi hasara sau biyu, ta fili da ta kuɗi. A Ikko, dattawan zango suna tuna bakin teku na Bar Beach, inda kowa ke zuwa ranar Salla da iyalinsa ba da ko kwabo ba. Yau an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic, bakin tekun da suka rage kuwa galibinsu sai da kuɗin shiga. Gaskiya ne Gwamnatin Ikko ta yi ƙoƙari, ta share Oshodi cikin 2009, ta mai da tsohon gidan yari na titin Broad lambu cikin 2010, ta kafa hukumar lambuna cikin 2011. Tambayar da mazaunin Agege ko Mile 12 zai yi ita ce wadda mazaunin Dutsen Alhaji ke yi: nawa ne daga ciki yaro zai iya zuwa da ƙafa?

Hanyar neman amsa tana nan a doka, kuma ƙungiyoyin 'yan Arewa da fadojin Sarakunan Hausawa suna da sakatarorin da za su iya bin ta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane mutum ikon rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi takardu, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, cikin Afrilun 2025 kuma ta yanke cewa dokar bayanan ta hau kan jihohi ma, saboda haka ciyaman ba shi da sauran mafaka a bayan gwamna. Wasiƙar ba ta bukatar tsawo. A tambayi nawa ƙaramar hukuma ta karɓa na kuɗin muhalli a shekarar da ta wuce da abin da aka yi da shi. A nemi jerin filayen da taswira ta ware wa unguwar don lambu da wasan yara, da lambar kowane fuloti, da sunan wanda ke riƙe da shi yanzu. A kai ta hannu da hannu, a sa a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a koma da shi. Ofishin yana da kwana 7 ya ba da amsa, yana iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. In ya ƙi ko ya yi shiru, mai nema yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu.